Hoton MRI na furostet: dole ne sai an yi allurar rini?

Likitan Ƙauye

Assalamu alaikum, malamaina. Ina neman ƙarin haske daga masu aikin hoto da likitocin mafitsara. A ɗauki dattijo mai shekara 63, yana yawan tashi fitsari da dare, an auna masa PSA, sinadarin furostet da ake aunawa a jini, sau biyu da tazarar mako shida, an samu 7.4 da 7.9. An taɓa furostet ɗin, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da yatsa ta dubura ba a ji tauri ko ƙullutu ba, gwajin fitsari bai nuna ƙwayar cuta ba. Yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan maganin suga metformin, eGFR ɗinsa, wato ma'aunin aikin ƙoda, 48. Ana so a yi masa MRI, hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, kafin a kai ga maganar gutsuro naman furostet don a gwada.

Cibiyoyin hoto kan ba da farashi biyu, da allurar rini mai fito da nama a hoto da babu allura, kuma ga manomi ko ɗan fansho bambancin ba ƙarami ba ne. Me allurar take ƙarawa takamaimai wajen gano sankara? Idan an bar ta, me za a rasa? Ƙodarsa za ta ɗauka? Sannan me ya kamata a rubuta a takardar tura shi, don kada a dawo da rahoton da ba zai amfani kowa ba?

Likitar Hoto

Wa alaikumus salam, Likita. A fara kawar da zaton cewa rinin ne ke haska sankarar. A hoton furostet, nauyin aikin yana kan hotuna biyu da ba su buƙatar allura ko kaɗan.

Na farko T2, mai nuna ginin furostet ɗin. Ɓangaren waje, wanda ke jingine da dubura, fari yake fitowa a lafiyayyen mutum. Ɓangaren ciki, wanda ya kewaye bututun fitsari, shi ne ke kumbura idan mutum ya manyanta. Sankara takan fito da duhu a T2. Na biyu DWI da taswirarsa ta ADC, wanda ke auna yadda ruwa ke samun motsi a tsakanin ƙwayoyin tsoka. Inda sankara ta cunkushe wuri, ruwan ba ya samun sarari, sai wurin ya yi haske a DWI ya yi baƙi a ADC. Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar furostet daga ɓangaren waje take tasowa, kuma a can DWI ake bi wajen yanke hukunci. A ɓangaren ciki T2 ake bi.

Na uku shi ne DCE, mai allura. Ana tura rinin, wato gadoliniyam, ta jijiya, ana ta ɗaukar wuri guda a jere, a ga inda rinin ya riga isa. Sankara tana ƙirƙirar sababbin hanyoyin jini masu yoyo, don haka rinin kan shige ta da wuri, sau da yawa kuma ya fice da wuri.

To ina hakan ke shiga cikin maki? Tsarin da ake bi shi ne PI-RADS, bugu na 2.1 da ya fito a 2019, maki daga 1 zuwa 5. Maki 1 da 2 na nufin da wuya a samu sankara mai haɗari, 3 shakku, 4 da 5 zato mai ƙarfi. Abin da ya raba 4 da 5 shi ne girman tabon ya kai santimita 1.5, ko ya keta bangon furostet. A duk wannan tsari, wuri ɗaya tak allurar ke sauya maki: tabo a ɓangaren waje da DWI ya ba shi 3. Idan wannan wurin ya ɗauki rini shi kaɗai, kafin naman da ke kewaye da shi ko tare da shi, kuma daidai inda T2 ko DWI suka nuna tabon, sai ya hau 4. Idan DWI ya ba da 4 ko 5, ko rinin bai nuna komai ba makin na nan. Idan ya ba da 1 ko 2, rinin ba ya ɗaga shi. A ɓangaren ciki kuwa ba a lissafa shi ma, domin ƙullutan kumburin tsufa su ma suna ɗaukar rini da wuri kamar sankara, sai su ruɗa mai karatu.

Akwai binciken da ya gwada tambayarka kai tsaye, PRIME, wanda masana a University College London suka jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar JAMA a 2025. Cikin maza 490 da ba a taɓa gutsuro musu nama ba, hoto marar allura ya gano sankara mai haɗari a 143, mai allura a 145. Wato kashi 29.2 da kashi 29.6. Hoton marar allura yana ɗaukar minti 15 zuwa 20, mai allura 30 zuwa 40.

Ra'ayina ke nan: ga dattijon da ka siffanta, wanda ba a taɓa yi wa tiyata ko gashin sankara ba, kuma babu ƙarfe a ƙugunsa, hoto marar allura ya wadatar, da sharaɗi ɗaya mai nauyi. A PRIME sai da aka tantance ingancin hotunan kowace cibiya, aka gyara na masu rauni, kafin a bar su su shiga, kuma ƙwararru ne suka karanta. Sakamakon nasu ne da irin wannan hoto. Cibiyar da DWI ɗinta ba shi da kyau ba za ta fake da wannan bincike ba.

Mai Sarrafa Na'ura

Hajiya likitar hoto ta faɗi sharaɗin a jimla ɗaya, ni kuwa a nan zan tsaya, domin a ɗakin na'ura ake cika shi ko a saɓa.

Kafin a tambayi farashi, a tambayi ƙarfin na'urar. Da Tesla ake auna ƙarfin maganaɗisunta, ana buƙatar Tesla 1.5 ko Tesla 3. A ƙasashenmu har yanzu akwai na'urori masu buɗaɗɗen gefe na Tesla 0.2 zuwa 0.5. Suna da amfaninsu a wasu gaɓoɓi, amma PI-RADS bai amince da su a furostet ba, da allura ko babu. Wanda ya biya kuɗin rini a irin wannan na'ura ya yi asara biyu. A tambayi kuma ko DWI ɗinsu yana kaiwa b na 1400 ko sama (b shi ne ma'aunin ƙarfin DWI), ko an ɗauke shi kai tsaye ko na'ura ce ta lissafo shi. Idan iyakarsu 800 ko 1000, lafiyayyen nama ma yana nan da haskensa, ƙaramin tabo sai ya ɓuya a ciki. Kaurin yankan T2 milimita 3 ne ba tare da giɓi ba, na DWI kada ya wuce milimita 4.

Babban mai ɓata DWI iska ce a dubura. Inda iska ta haɗu da nama, maganaɗisun yana karkacewa, sai bayan furostet ya lotse ko ya miƙe a hoto, wani lokaci ya yi hasken ƙarya. Abin takaicin, daidai wurin nan ne ɓangaren waje yake, inda aka fi neman sankarar. Shi ya sa ake so majiyyaci ya guji wake da lemon kwalba kwana ɗaya kafin hoto, ya yi bahaya kafin ya hau gado, wasu cibiyoyin kuma su yi masa ƙaramar basilla. Idan hoton share fage ya nuna iska, a sauko da shi ya zaga, ko a zuƙe ta da siririn bututu. Minti biyar ɗin nan ya fi a ci gaba a haka. Motsin hanji kuma yana dusasar da T2, don haka akan ba da Buscopan miligiram 20. A kula a nan, Likita: mutumin da fitsari ke yi wa gardama sosai yana iya toshewa da wannan magani, kuma ba a ba mai hawan jinin ido irin mai tsukakkiyar kusurwa ko mai saurin bugun zuciya. Yana sa gani ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci, kada ya ja mota ko babur sai idonsa ya washe. Wasu kuma suna neman a ƙaurace wa iyali kwana uku, don jakunkunan maniyyi su cika su fito sarai.

A tambaye shi da kyau kan ƙarfe: na'urar bugun zuciya, ƙarfen ƙugu, harsashi ko ɓarɓashinsa, da aikin walda saboda ido. A kuma ce ya kwance guru ko laya da ke ƙugunsa. Dattawa da yawa ba sa ambatarsu idan an ce "akwai ƙarfe a jikinka?", alhali wasu da zobe ko waya a ɗinke a cikin fatar, kuma daidai inda ake ɗauka suke zama.

Yanzu allurar kanta. Ma'auninta milimol 0.1 a kowane kilo. Ga mai kilo 70, mililita 14 ke nan na nau'in rinin da ake kira gadoterate, ko mililita 7 na gadobutrol, domin shi ya ninka kauri. Ana sa kanula mai lamba 20 ko 18 a gwiwar hannu, injin turawa ya tura mililita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, a bi da ruwan gishiri kamar mililita 20. Dole a fara ɗauka kafin rinin ya iso, don a samu hotunan farko na gwadawa. Kowane zagaye kada ya wuce daƙiƙa 15, a ci gaba aƙalla minti biyu.

Inda ake samun matsala sananne ne. A tura da hannu a hankali, sai rinin ya iso a watse, komai ya yi haske tare. A ɗauki zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 30 ko 40, sai lokacin da sankara ta riga sauran nama ya wuce ba a kama shi ba. Mafi muni, a yi allura, a jira, a ɗauki hoto guda bayan minti uku kamar yadda ake yi a ƙwaƙwalwa, a rubuta "da rini". Wannan ba DCE ba ne, kuma ba ya ɗaga maki ko ɗaya. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: a bi jijiyar cinya a jerin hotunan. A na farko duhu take, sai ta haska kwatsam. Idan tun hoton farko a haske take, an makara. Idan ba ta haska sosai ba, a duba hannunsa, wataƙila rinin ya zube ƙarƙashin fata.

Ni dai a nan na ɗan bambanta da Hajiya. Allurar kamar safaya ce a mota: ranar da iska ko ƙarfe suka lalata DWI, DCE bai cika damuwa da su haka ba, shi zai ceci hoton. Ga wanda ya taso daga nisan kilomita ɗari biyu ko uku, a ce ya koma ya dawo wata rana saboda DWI ya lalace, wahalar da kuɗin motar sun iya fin kuɗin rinin. Abin da ya fi shi ne a nemi cibiyar da likitan hoto ke duba T2 da DWI tun mutum na kan gado. Idan sun yi kyau kuma babu tabo mai maki 3 a waje, a sallame shi. Idan ba haka ba, a yi allurar a lokacin. Ya zo da kuɗinta a aljihu ko da ba za a taɓa ba.

Likitan Ƙoda

A kan ƙoda hankalinka ya kwanta, Likita. Yawancin tsoron daga rinin hoton CT, mai sinadarin aidin, aka aro shi, gadoliniyam kuwa daban ne, a ma'aunin da aka faɗa bai cika taɓa aikin ƙoda ba. Cutar da ake gudu ita ce NSF, mai sa fata da gaɓoɓi su yi kauri su sandare. A 2006 aka fara danganta ta da gadoliniyam, kuma an gan ta ne a masu eGFR ƙasa da 30, masu wankin ƙoda, da waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya. Kusan duka da tsofaffin nau'uka ne: gadodiamide, gadopentetate da gadoversetamide. Hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da allurar waɗannan ukun ta jijiya a 2017, saboda ragowarsu da ake samu a ƙwaƙwalwa, duk da ba a tabbatar ragowar na jawo cuta ba. Da gadoterate, gadobutrol ko gadoteridol, haɗarin NSF ya yi ƙanƙanta ainun ko ga mai raunin ƙoda.

Mai eGFR 48 ba shi cikin rukunin haɗari. Ba sai ya dakatar da metformin ba. Abin da zan nema kawai, a tambayi sunan rinin da ke cikin kwalbar, domin tsofaffin nau'ukan suna nan a kasuwa a ƙasashe da yawa, a kuma tabbatar awon ƙodar na kwanan nan ne, ba na bara ba. Idan ya taɓa yin borin jini da gadoliniyam a baya, wannan dalili ne mai ƙarfi na barin allurar.

Likitan Ƙauye

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya. A ce an yi ba allura, rahoto ya dawo da PI-RADS 3 a ɓangaren waje. A mayar da shi a yi masa rini, ko a wuce gutsuro nama? Idan kuma 2 ya dawo, shi ke nan a ce masa babu komai?

Likitan Mafitsara

Kafin ka mayar da shi, ɗauki alƙalami ka yi lissafin da ba ya cin ko sisi. Rahoton zai ba da tsawo, faɗi da kaurin furostet. Ka ninka su ukun, ka ninka da 0.52, ka samu girmansa a mililita, sai ka raba PSA da wannan adadi. Idan furostet ɗin dattijon mililita 80 ne, 7.9 a raba da 80 ya ba da kusan 0.10, wato girman ne ya fi bayyana hawan PSA ɗin. Idan mililita 35 ne, ya ba da kusan 0.23, magana ta sauya. Iyakar da aka fi amfani da ita 0.15 ce. Maki 3 da adadi sama da haka, a gutsuro nama, ba sai an jira rini ba, domin ko rinin ya ce babu, ba za mu ƙyale shi ba. Maki 3 da adadi ƙasa da 0.10, ana iya sa ido a maimaita PSA bayan wata shida. Wanda ya faɗa tsakani shi ne rini zai iya taimaka wa. Ka tambaya ko yana shan magungunan rage girman furostet, finasteride ko dutasteride, domin bayan wata shida zuwa shekara suna rage PSA da kusan rabi, sai a ninka adadin kafin lissafi.

Batun maki 2, kada a ce masa babu komai. A binciken PROMIS na 2017, MRI ya kama kashi 93 cikin 100 na sankara mai haɗari, gutsuron da aka saba yi ta dubura ya kama kashi 48. Wannan babban ci gaba ne, amma 93 ba 100 ba ce. Akwai sankarar da ke bazuwa a tsakanin lafiyayyen nama ba ta dunƙule ba, hoto ba ya ganinta, rini ma haka. Baƙar fata kuma sun fi kamuwa da wannan cuta, ita ce sankarar da ta fi yawa a mazan Najeriya. Idan adadin nan ya haura 0.15, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, ko PSA na ta hawa, ni zan ba da shawarar a gutsuro ko da hoton ya fito fes.

Ɗaya gefen ma a sani. A PROMIS ɗin nan, cikin waɗanda ba su da sankara mai haɗari, kashi 41 kawai hoton ya wanke, sauran ya zarge su. Kumburin furostet na ƙwayar cuta yana ɗaukar rini da wuri, yana iya ɗaga 3 zuwa 4 ba gaira ba dalili, kodayake shi yakan bazu ne ko ya fito kamar tsinke ko yanki mai kusurwa, bai cika dunƙulewa ba. A wurarenmu a riƙa tuna tarin fuka, domin idan ya kama furostet yana iya kwaikwayon maki 5 a duk hotuna ukun. Tsargiya ma tana kaiwa furostet da jakunkunan maniyyi. Saboda haka ba a gaya wa mutum yana da sankara, balle a fara masa allurar rage sinadarin maza ko a yi masa fiɗiya, a kan rahoton MRI. Nama ne ke tabbatarwa.

Amfanin hoton na gaske shi ne nuna inda za a saka allurar gutsuro. A binciken PRECISION na 2018, a maza 500, waɗanda aka bi da su ta MRI an gano sankara mai haɗari a kashi 38, waɗanda aka yi wa gutsuron da aka saba kashi 26, kuma kashi 28 na rukunin MRI ba a gutsure su ba sam. Ana ɗiban yanka uku zuwa biyar daga tabon, yawanci a haɗa da na sauran sassa. Ga mai ciwon suga, bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura ya fi bi ta cikin dubura aminci, saboda ƙwayoyin cuta ba su cika shiga jini ta nan ba.

Sai dai kada wannan duka ya sa a riƙa tura kowa MRI. Wanda ya zo da PSA a ɗaruruwa, furostet kamar dutse, ga ciwon baya, kuɗinsa ya fi amfani a gutsuron nama da hoton ƙashi.

Likitar Hoto

Na yarda da gyaran Malam mai na'ura, inda za a iya duba hoton mutum na kan gado haka ya fi. Akwai kuma waɗanda tun a takarda za a rubuta da allura, ba sai an jira ba: mai ƙarfen ƙugu, wanda aka taɓa gutsurowa ba a samu komai ba amma PSA na ci gaba da hawa, wanda aka kankare wa furostet ta bututun fitsari, da wanda ya daɗe a kan magungunan da ke sauya kamannin furostet. Wanda aka cire wa furostet ko aka yi wa gashi, PSA ya sake tasowa, shi kam allurar ce kan gaba, domin tabon tiyata da sankarar da ta dawo suna iya kama da juna a T2, rinin ne ke raba su: sankara ta ɗauka da wuri, tabo a hankali.

A takardar, Likita, ka rubuta PSA biyun da ranakunsu, abin da yatsa ya ji, eGFR da ranarsa, magungunansa, ko akwai robar fitsari a jikinsa, da ko an taɓa gutsuro masa nama da yaushe. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin jinin da gutsuro ya bari yana yin duhu a T2 ya yi haske a T1, irin hoton da ake ganin rini a kansa, ya rikita karatun rini, shi ya sa akan jira aƙalla mako shida. Ka nemi rahoto ya ƙunshi girman furostet, wurin kowane tabo da faɗinsa a milimita, makinsa, halin bangon furostet da jakunkunan maniyyi da kaluluwa, sannan jimla guda kan ingancin DWI. Idan mai rahoto ya ce DWI ya lalace kuma ba a yi allura ba, kada ka ɗauki makin da ya bayar a matsayin wankewa.

Dattijon ya karɓo hotunan duka a faifai ko filashi, ba fim ɗin da aka buga kaɗai ba. DCE ɗaruruwan hotuna ne, fim 'yan kaɗan yake ɗauka, kuma mai gutsuro nama ko wani likitan hoto da za a kai wa ya sake dubawa ba zai iya aiki da su ba.